Takalmi a Ƙarƙashin Kujera

Yanzu idan na zauna a ƙofar gida da hantsi, kunnena ya fi idona aiki. Gidanmu ba shi da nisa da titin da ya taso daga Samaru ya nufi Sabon Gari, daidai inda hanya take fara gangarawa. Bas za ta taho da gurnani kamar za ta tsaga ƙasa, sai kuma ka ji tsit, babu abin da ya rage sai kukan taya a kan kwalta. Wanda bai san tuƙi ba zai ce lalacewa ta yi. Ba lalacewa ba ce, direba ne ya murɗe makulli ya kashe inji, wai yana tattalin mai, ga mutane cike a bayansa.  Na daɗe ina tsoron shirun nan saboda mutum ɗaya, ɗana na fari, wanda shi ma ya ja bas a kan wannan hanya. Ba zan kama sunansa ba, mu ba a haka aka tashe mu ba.

Ni a tashar Sabon Gari na buɗe ido da mota. Mahaifina ya ga karatu ya ƙi ni, ko kuma ni na ƙi shi, sai ya kama hannuna ya damƙa ni ga wani Ibo mai tasi da suke mutunci a kasuwa. Kowa Oga yake ce masa, har matarsa. A Sabon Gari aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ruwa, sai dai mace da namiji duk "ka" yake ce musu, mata su yi ta dariya shi ko a jikinsa. Kirista ne mai zuwa coci, amma ranar Juma'a shi yake fara ɗaga kai ya dubi rana ya ce mini, "Tafi masallaci, motar ba za ta gudu ba." Da sassafe, kafin masu ƙosai su ɗora kasko, ina bakin motar da bokiti da tsumma. Kiran salla ta wannan gefe, can an jima ƙararrawar coci ta wancan, jirgin ƙasa ya yi kukansa, injinan niƙa su fara tari ɗaya bayan ɗaya. Wanki shi ne ƙaramin aiki. Sai na duba ruwa da baƙin mai, na kwance fulogi na goge da buroshin waya, na ciro matatar iska na kakkaɓe ta har na yi atishawa. Daga nan mu tsaya wurin mai faci, Oga ya sauka da kansa ya sa a gwada iskar kowace taya, don ya ce tayar da ba ta ƙoshi da iska ba mai take sha. But ɗin motarsa kuwa fayau yake, daga safaya sai jak sai sifana. Ya taɓa samun wani dutse da na ajiye a ciki don tokare taya, ya ɗaga shi ya tambaye ni ko dutsen ya biya kuɗin mota.

Ranar da ya fara ba ni sitiyari a wani fili ne bayan Chikaji. Na zauna ina ta washe baki, na sa sabon takalmin roba don in yi kama da direba. Ya sunkuya ya dubi ƙafata.

"Cire," ya ce.

"Oga, sabo ne fa."

"Na gani. Cire ka tura ƙarƙashin kujera, wurin nawa."

Na leƙa, ashe nasa takalmin yana can kwance. Duk zamana da shi ban taɓa lura ba cewa mutumin nan da ƙafa tsirara yake tuƙi. Ya ce in ɗora babban yatsana a kan totur, in taɓa a hankali, in saurara. Na taɓa, motar ta yi kuka ta zabura, muka yi gaba muka yi baya kamar an ɗora mu a kan jakin da ya ji tsinke. Ya bar ni na gama jin kunya sannan ya ce, "Ka ji ihun da ta yi? Mai ne ya tafi, kuma ba mu je ko'ina ba. Motar ba ta da haɗama, ƙafarka ce mai haɗama." Haka muka yi ta yi har ƙafata ta koyi ji. Wallahi akwai wata 'yar rawa da totur yake yi a ƙarƙashin yatsa idan inji yana cikin jin daɗi, da wata daban idan ana ɗura masa abin da bai nema ba. Takalmi ba ya barin ka ji ko ɗaya.

Sauran karatun a kan titi aka yi shi. Ya hana ni kallon bayan motar da ke gabana, ya ce in dinga kallon can nesa, in hango mai kura zai tsallaka ko lori zai tsaya, in ɗaga ƙafa tun da wuri, motar ta rage gudu da kanta. A wurinsa duk birkin da aka taka da ƙarfi man da aka riga aka ƙona ne aka zubar. Giya kuwa da kunne ake canza ta, kafin inji ya fara roƙo. Idan muna jiran lodi a tasha inji a kashe yake, ba ma zama muna ba shi wuta don mu burge 'yan makaranta. Amma da zarar taya ta fara juyawa, to makulli ya zama haram. A lokacin ma akwai direbobin da suke kashe inji a gangara, motocin wancan zamani kuwa suna ɗan yafe wa mutum, don birkinsu ƙarfin cinya ne kawai. Oga ya tsani abin nan. Ya ce, "Ka yi tattali da ƙafa, kada ka yi da makulli. Man naka ne, mutanen da ke baya ba naka ba ne." Ban taɓa jin ya ɗaga murya a kan wata magana ba sai wannan.

Matan da suke sarin ƙwai daga gonakin kaji na wajen Samaru su ne suka fara gane shi. Za ka ga mota uku a gaba suna kiran fasinja, matan nan su ƙi shiga, su zauna a kan kwandunansu suna fifita da gefen zane har layi ya zo kan Oga. Su jera tiren ƙwai a cinya, su yi ta hira har Sabon Gari, a sauke ba ko tsaga ɗaya. Sauran direbobi suka sa masa suna Hawainiya. Da aka ba ni mota ni ma na gaji sunan, har da ƙari, Ɗan Hawainiya, kuma ban taɓa jin haushinsa ba.

Sai aka shiga wata wahalar mai, irin wadda layi yake kwana ya wuni a gidan mai. Kowane direba ɗan abin da ya samu a galan shi yake lallaɓawa. Kafin azahar yawancin motocin tasha sun mutu, an tura su gindin bishiya, direbobi sun baje a kan benci suna zage-zage. Oga kuwa, da man da bai fi nasu ba, yana nan yana kai da komowa har la'asar. Rana ta farko aka ce sa'a ce. Da abin ya maimaita sai magana ta fara yawo, wai Ibon nan yana da asiri, wai akwai laya a tankinsa, wani ma ya rantse an gan shi yana tofa wani abu a bakin tanki da safe. Mai tofin nan ni ne, ƙura nake hurewa daga murfi. Wata la'asar muka shigo tasha muka tarar sun taru, har da shugaban direbobi, wani dattijo mai furfura da ya kamata ya fi haka hankali. Ya ce, "Oga, ba faɗa muka zo ba. In wani malami ne ko boka ya yi maka, ka nuna mana shi, mu ma muna da iyali." Oga ya fito ya buɗe ƙofofi huɗu da but da bonet, ya koma gefe ya harɗe hannu. Suka duba ƙarƙashin tabarmar ƙafa, suka laluba bayan madubi, wani ya zura waya a tanki ya ciro ya shinshina. Can wani ya cusa hannu ƙarƙashin kujerar direba ya yi kabbara ya jawo abu. Tsofaffin silifas ɗin Oga ne, ɗaya ma an ɗaure igiyarsa da waya. Oga ya ce, "To ga layar. Kowa yana da irinta a ƙafarsa, cirewa kawai ake yi." Aka kwashe da dariya, dattijon ya rufe fuska da hula. Washegari na so in ƙirga na kasa, takalma ne birjik a ƙarƙashin kujeru. Wasu sun jure sun koya, wasu kwana biyu suka mayar da abinsu. Ni dai daga ranar na san abin da nake riƙe da shi sana'a ce, ba wahalar banza ba.

Oga ya tsufa ya koma garinsu da bai taɓa zama a ciki ba, can labarin rasuwarsa ya same mu. Ni na ci gaba da jan mota har idona ya fara gardama. Yaran mutane da yawa sun zauna a gefena, na sa su cire takalmi, wasunsu yau suna da motocin kansu. Nawa na fari kuwa ban taɓa zama da shi a gaban mota ba. Ta yaya? Yaron da ko sunansa ba na faɗa, wanda idan ya shigo zaure nake kawar da kai, a wurin kakarsa ya tashi. Haka aka yi mini, haka na yi, kuma a lokacin babu wanda zai kira wannan da wani suna sai kunya. Da ya tasa ya ce mota yake so, sai ya koya a hannun yaran zamani a tashar Samaru, masu tuƙi da takalmin kambas mai tudun ƙasa kamar bulo.

Tuƙin yanzu ai ba tuƙi ba ne, kokawa ce. Mota da yawa, fasinja kaɗan, ga Keke, ga 'yan acaɓa, kowa yana son ya riga wani isa ga mutum ɗaya da ya ɗaga hannu a Palladan. A taka totur har ƙasa, a yi taku ashirin a danna birki, mata su kifa a kan kujerar gaba, a sake takawa. Man da za a je Sabon Gari a dawo da shi an ƙone shi kafin Kwangila. Sannan mai ya yi tsadar da ko a mafarki ba mu taɓa gani ba, mai mota kuma yana jiran balas ɗinsa da yamma, ba ruwansa da yadda aka yi. Sai direba ya zo gangara ya tuna da tattali, ya murɗe makulli. Abin da ya zubar da bokiti yake son ya kwashe da cokali. Kuma motocin yanzu ba irin namu ba ne, birkinsu da ƙarfin inji yake aiki. Ka kashe inji, ka taka sau ɗaya ya kama, ka sake takawa ka ji shi kamar dutse. Sitiyari ya yi nauyi, in hannu ya zarce da makullin ma ya kulle gaba ɗaya. Duk sun san haka. Kowa dai yana ganin ba a kansa za ta faɗa ba.

Da na ji labarin yaron nan shi ma yana yi, sai na aika ƙanena, baffansa, ya yi masa magana. Ya dawo ya ce yaron ya ce to. Na sa uwarsa ta faɗa wa matarsa, nan ma aka ce to. To ɗin yaran yanzu kuwa ba ta da nauyin ganye. Wata rana na dawo daga Samaru, na tsayar da bas na shiga baya ban duba ba, sai da muka tashi na gane ƙeyar direban, ashe ɗana ne. Shi ma ya gan ni ta madubi, ya ɗan rusuna a kan kujera. Muka yi ta fizga da tsayawa, ina jin kukan injin a haƙorana. Muna kawowa gangara, ko ya manta ina ciki ne ko hannun ne ya saba, sai na ji tsit. Ban san lokacin da murya ta fito mini ba.

"Direba, kunna motarka."

Wani matashi mai jakar littattafai a gefena ya juyo ya ce, "Baba, ka san nawa ake sayar da lita kuwa? Ka bar shi ya nemi na abinci."

Wata mata ta ce, "Tsofaffin nan da tsoro."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba, ya kunna motar, kunnuwansa kamar za su faɗi don kunya. Da yamma ya zo gida ya durƙusa daga bakin zaure, nesa da tabarmata kamar yadda ya saba. Ranar na ajiye kunya a gefe na yi masa magana baki da baki, abin da ban taɓa yi ba. Na ba shi labarin Oga da silifas. Na ce ya cire takalmin nan ya gwada ko na mako ɗaya ne, ya daina tsere, ya duba iskar taya, zai ga man da yake nema a gangara yana nan a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya saurara har na gama, kansa a ƙasa.

"Baba, na ji. Amma idan na tafi yadda kake so, kafin in isa Palladan an kwashe mutanen hanya. Ku a lokacinku fasinja yana jiran direban da ya yarda da shi. Yanzu wanda ya fara tsayawa shi ake shiga."

"To ka bar makullin nan dai. Ko shi kaɗai."

"In sha Allahu, Baba."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ƙarya ya yi ba. Matan ƙwai sun daɗe da ɓacewa, yanzu a bayan babur ake ɗaure ƙwai da roba, wanda ya fashe ya fashe. Babu mai zama a kan kwando ya jira mai hankali. An mayar da hanya wurin da natsuwa take jawo wa mutum yunwa, sannan a juyo a ce yara ba su da haƙuri. Na yi fushi da shi, na yi fushi da mai motar, na yi fushi da waɗanda suke zaune a ofis suna ƙara kuɗin mai alhali ba su taɓa shiga bas ba. Fushin tsoho dai a zaure yake ƙarewa. Na ji an ce ya bar kashe injin na ɗan lokaci, da aka sake ƙara kuɗin mai ya koma.

Ranar da abin ya faru ina nan inda nake zaune yanzu, rana ta take tsaka. Na ji gurnani, na ji shirun, sai na ji wani horon Keke, sannan ƙarar ƙarfe a kan siminti. Motoci nawa ne suke yin shirun nan a yini, amma na miƙe ban nemi sandata ba. Daga baya waɗanda suke cikin bas ɗin suka ce Keke ne ya yanko gaban ɗana cike da 'yan makaranta. Ya taka birki ya kama kaɗan, ya sake takawa ya ƙi, sai ya kwashe sitiyarin da duk ƙarfinsa ya ba kwalbati gaban motar. Yaran ko ƙwarzane. Fasinjoji sun ƙuƙƙuje, wata ta karye a hannu. Shi kuwa gaban motar ya naɗe a kan ƙafarsa ta dama, wadda take kan birkin. Sai da aka kawo masu walda daga Chikaji suka yanka ƙarfe aka zaro shi. Ina tsaye a cikin taro kamar baƙo, mutane suna tambayar ko akwai wanda ya san direban, bakina ya kasa kama sunan ko a wannan lokacin, sai na ce, "Na gidana ne." A asibiti likitoci suka yi iya yinsu, a ƙarshe suka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Abokan aikinsa sun zo gida yi mana jaje, ba zan ci haƙƙinsu ba, bas guda suka cika, da lemo da burodi. Kowa ya ce ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta. Na yarda da ƙaddara, da ita zan mutu, amma ban ga inda aka rubuta wa mutum ya murɗe makulli ba.  Na rako su bakin titi, suka shiga, suka ɗaga mini hannu, bas ɗin ta tashi da ihu. Tana kaiwa gangara na ji tsit.

Da aka sallamo shi, ɗakin da ke kusa da zaure aka gyara masa don kada ya sha wahalar dakali. Na shiga da la'asar, karo na farko da na taɓa zama a bakin gadonsa. Ya rame, sandunan ƙarfe biyu a jingine da bango. Matarsa tana kwance ledar kayan da aka kwaso daga cikin motar, hula, caja, wani ƙaramin carbi, sai ga kambas ɗin ƙafar dama, an yanka shi da almakashi a gefe, jini ya bushe a igiyar. Ta rasa inda za ta sa shi, ta tsaya riƙe da shi. Ya dube shi, ya dube ni, ya yi wani ɗan murmushi da har yau nake roƙon Allah ya cire mini shi daga ido.

"To Baba," ya ce, "ga shi dai na cire."

Na kira sunansa. Tun ranar da aka raɗa masa shi ban taɓa faɗa ba, sai ranar. Na karɓi takalmin daga hannun yarinyar na tura shi ƙarƙashin gadon, na fito na zauna a ƙofar gida. Motoci suna ta wucewa, ina jin su ɗaya bayan ɗaya suna yin shiru.